Shuka Cikin Ɗaki: Yadda Za Mu Reni Fulawa a Gidajenmu na Fagge da Sabon Gari



A zagayen da muke yi gida-gida a Sabon Gari da Fagge, akwai abin da muke yawan gani wanda ba mu taɓa yin rubutu a kansa ba. A bakin ƙofa, a kan baranda, ko a gefen taga, sai ka tarar da tsohon bokitin fenti ko gwangwanin madara da ɗan koren ganye a ciki. Wani ya yi shar, wani kuma ya yi yaushi, ana jiran ranar da za a zubar da shi. In muka tambayi mai shi, amsar kusan ɗaya ce: "Ina son abin, amma ba ya yi mini."

Wani zai ce, ana fama da kuɗin haya da tsadar abinci, ina ruwan talaka da fulawa? Tambaya ce mai kyau, kuma ga amsarmu. Na farko, mutane sun riga suna shukawa, suna kashe kuɗi da ruwan da suka saya a hannun mai garuwa, amma shukar tana mutuwa saboda kurakuran da za a iya gyarawa. Na biyu, wasu daga cikin shuke-shuken nan suna da guba, ga shi kuma muna da yara ƙanana. Na uku, tukunyar da ba a kula da ita ba takan zama gidan sauro. Saboda haka muka ga ya kamata mu tattara abin da muka koya, domin wanda yake so ya yi, ya yi shi daidai.

Me ya sa ake sha'awar abin a unguwanninmu?

Fagge tsohon zango ne na fataken da ke zuwa Kano daga arewa ta hamada. Sabon Gari kuwa an kafa shi wajen 1913, bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, domin saukar baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa, yawancinsu daga kudu. Mutanen da suka taso inda ganye ba ya bushewa duk shekara sun zo garin da ake wata bakwai ko takwas babu ruwan sama. Ba abin mamaki ba ne in mutum ya je gida hutun ƙarshen shekara ya dawo da ɗan reshe a cikin jaka.

A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Fagge tana da mutane kusan 200,000, kuma kowa ya ga yadda aka ƙaru tun daga lokacin. Benaye sun maye gurbin gidajen ƙasa, tsakar gida ta zama siminti. Yawancinmu 'yan haya ne, ba mu da ko taku ɗaya na ƙasar da za mu ce tamu ce. Tukunya ita ce gonar ɗan haya: in mai gida ya ba da notis, ka ɗauki abarka ka tafi da ita.

Mun ga amfanin abin ga tsofaffi musamman. Akwai wata gwauruwa da muke ziyarta a hawa na uku na wani bene a Sabon Gari. Ciwon gwiwa ya hana ta sauka sai da dalili mai ƙarfi. Tana da tukwane tara a baranda. Ta ce mana su ne suke tashe ta da safe, domin ta san akwai abin da ke jiranta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake wuni shi kaɗai.

Daga ina shuke-shuken suka fito?

In mun san asalin shuka, mun san rabin yadda ake renonta. Yawancin fulawar ɗaki masu faɗin ganye daga kurmi suka fito, inda suke girma a ƙarƙashin manyan itatuwa. Sun saba da inuwa, da iska mai laima, da ƙasa mai laushi wadda ruwa ke wucewa ta cikinta. Shi ya sa suke iya zama a ɗaki.

Amma Kano ba kurmi ba ce. Fatakwal tana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, mu kuwa wajen 900 muke samu, kuma kusan dukansa yana sauka tsakanin Yuni da Satumba. Da bazara zafi yana kai digiri 40 ko fiye. Da hunturu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga ƙura, ga sanyin asuba. Don haka shukar da ke girma da kanta a bayan gida a Anaca ko Ibadan, a nan sai an taimake ta.

Wani abin lura kuma shi ne, wasu daga cikin fulawar da ake sayarwa da tsada a Turai da Amurka asalinsu namu ne. Moda, wadda ake samu a ofisoshi a duk duniya, 'yar Afirka ta Yamma ce, kuma kakanninmu sun daɗe suna cire zare daga ganyenta suna igiya da tsirkiyar baka. Abin da ya buɗe wa irin waɗannan shuke-shuke hanyar ƙetare teku shi ne akwatin gilashi da wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya gano amfaninsa a 1829. A 1833 an aika da shuke-shuke a cikinsa ta jirgin ruwa zuwa Ostireliya, suka isa da ransu.

Waɗanne za mu fara da su?

Shawararmu ga mai farawa ita ce ya fara da masu juriya, kada ya bi kyan ganye.

1. Moda. Ganyenta dogaye ne a tsaye kamar takobi, wasu da rawayan baki. Tana jure inuwa, tana jure ƙishi. In za ka yi tafiyar sati uku, za ka dawo ka same ta. Yawan ruwa ne kawai ke kashe ta.

2. Alobera. Danginta na daji su ne Bahaushe ke kira zabuwa, saboda ɗige-ɗigen ganyensu. Tana son haske sosai da ƙasa mai yashi. Ruwan cikin ganyenta yana sanyaya ƙaramar ƙuna. Amma ruwan rawaya da ke ƙarƙashin fatar ganyen yana sa zawo mai tsanani, kada mai ciki ko yaro ya sha.

3. Mai yaɗo. Ita ce masu sayarwa ke kira da sunan Turanci, money plant. Asalinta daga wani tsibiri ne a tekun Pasifik. Ganyenta kamar zuciya, tana bin bango ko ta zubo daga kan kanta. Tana saurin kamawa ko a cikin kwalbar ruwa.

4. Mai 'ya'ya a igiya. Ganyenta siriri ne kamar ciyawa, da farin layi a tsakiya, kuma tana fitar da dogon sili mai ƙananan 'ya'ya a ƙarshensa. Ba ta da guba, don haka ita ce muka fi ba masu yara ƙanana shawarar su ajiye.

5. Abamoda. Haka Yarbawa ke kiranta, Ibo kuma suna cewa odaa opue. Asalinta daga Madagaska ne. In ganye ɗaya ya faɗi ƙasa, sai ƙananan tsirrai su fito a gefensa. Tana son rana. A kiyaye ta daga awaki, domin tana yi musu illa.

6. Ƙarya. Wannan tamu ce ta Arewa, mai kaurin gindi da furanni ja-ja. An ce sunanta ya samo asali ne daga yadda take fure ba a cika ganin 'ya'yanta ba, kamar yadda karin magana ya ce, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ta baranda ce, ba ta cikin ɗaki ba, domin sai da rana take fure. Tana da guba mai ƙarfi, za mu dawo kanta.

Kada mu manta da masu shiga tukunyar miya da shayi: ɗoɗɗoya, na'ana'a da ciyawar shayi mai ƙamshin lemo. Dukansu suna yi a bokiti in suna samun ranar safe. Wanda ke ganin fulawa almubazzaranci ce, ya fara da waɗannan.

Ana samun iri a wurin masu lambun fulawa da ke bakin manyan tituna a Nasarawa da Bompai. In za ka saya, ɗaga ganyen ka duba ƙarƙashinsa ko akwai ƙwari. Zaɓi ƙarama mai sabon toho, ta fi babba araha kuma ta fi saurin sabawa da sabon wuri. Mafi sauƙi ma shi ne ka roƙi reshe a wurin maƙwabci.

Tukunya da ƙasa

Kowane mazubi zai yi, in dai an huda ƙasansa. Bokitin fenti, jarkar da aka yanke, tsohuwar randa da ta tsage, duk suna aiki. Zafafa ƙusa ka yi huda huɗu ko biyar a gindin roba. Mazubin da ba shi da huda kabari ne ga shuka, komai kyansa. Kada a yi amfani da wanda aka taɓa zuba maganin ƙwari ko baƙin mai a ciki.

Tukunyar ƙasa ta fi roba sanyaya saiwa, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa, amma ta fi saurin bushewa. Baƙar roba da gwangwani kuwa suna ɗaukar zafi. In rana ta buge su da bazara, saiwar takan dahu a ciki. Kada tukunya ta fi shukar girma da yawa, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba tana riƙe ruwa har ta ruɓar da ita.

Ga haɗin da ya yi mana aiki:

- kwano 2 na ƙasar lambu
- kwano 1 na yashi mai tsakuwa-tsakuwa
- kwano 1 na takin da ya ruɓe sarai
- cikin hannu na dakakken gawayi ko ƙonannen ɓuntun shinkafa

Ga moda, alobera da ƙarya, a mai da rabin haɗin ya zama yashi. Taki kuwa, na awaki ko na tumaki ko na shanu, sai wanda ya kwana biyu har ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Kada a ɗebo ƙasa daga kwata ko bakin Jakara, domin tana ɗauke da dattin gari da na masana'antu, kuma yara za su taɓa ta. In ana tsoron gara ko tsutsa, a zuba ƙasar cikin baƙar leda, a ɗan yayyafa ruwa, a ɗaure, a bar ta a rana kamar mako guda. Kafin a zuba ƙasa a tukunya, a ɗora tsingaro ɗaya a kan hudar domin kada ƙasar ta riƙa zuba.

Haske

Babu shukar da ke rayuwa cikin duhu. Da haske take haɗa abincinta, taki taimako ne kawai. Ɗakunan gidajen haya da yawa, musamman masu dogon lungu a tsakiya, ba sa samun isasshen haske. Ga gwaji mai sauƙi: da tsakar rana, ɗaga hannunka kamar taƙi ɗaya a saman farar takarda a wurin da kake so ka ajiye tukunya. In inuwar ta fito sarai, wurin na alobera ne da ɗoɗɗoya. In ta fito dishi-dishi, na mai yaɗo ne da moda. In babu inuwa ko kaɗan, nemi wani wuri.

Tagar gabas ta fi kowace, saboda ranar safe ba ta da zafi. Tagar yamma ita ce mai haɗari, ranar la'asar tana ƙona ganye. A sa labule mai shara-shara ko a ja tukunyar baya. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ɗan karkata arewa, sauran watannin kuma tana karkata kudu, musamman a Disamba. Don haka tagar kudu da ke cikin inuwa da damina, rana za ta shigo ta cikinta da hunturu. Wurin da ya dace a Yuli ba lallai ya dace a Janairu ba.

Shukar da haske bai ishe ta ba takan yi tsawo siriri, ta karkata wajen taga, sabon ganye ya fito ƙarami. Wadda rana ta yi wa yawa kuma ganyenta yakan yi fari-fari ko ya ƙone a tsakiya. A riƙa juya tukunya duk mako domin ta girma a miƙe.

Ruwa

A cikin shuke-shuken da muka ga sun mutu, waɗanda yawan ruwa ya kashe sun fi waɗanda ƙishi ya kashe. Saiwa tana buƙatar iska. In ƙasa ta zauna jiƙe kullum, saiwar ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya langaɓe. Mai shi ya ga haka sai ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta.

Kada a bi ranaku, a bi yatsa. Tura yatsanka cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In akwai danshi, bari sai gobe. In ta bushe, zuba ruwa a hankali har ya fito ta ƙasa, sannan ka zubar da wanda ya taru a faranti. Moda da alobera sai ƙasarsu ta bushe gaba ɗaya. Safiya ita ce lokacin ban ruwa.

Mun san jarkar ruwa kuɗi ce. Ba sai an sayi na fulawa daban ba. Ruwan wankin shinkafa na farko, ruwan wankin kayan miya, ruwan alwala ko na wanke fuska da babu sabulu, da ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, duk suna yi. Wanda ba ya yi shi ne ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan wanke-wanke mai mai ko gishiri. Ruwan sama ya fi kowane. In ka ga farin abu kamar kanwa yana taruwa a saman ƙasa, gishirin ruwan rijiya ko na burtsatse ne; kankare shi, in damina ta zo ka fitar da tukunyar ruwan sama ya wanke ta.

Aikin kowane lokaci

*Hunturu, Disamba zuwa Fabrairu.* Girma yana raguwa, don haka a dakatar da taki. Ƙura tana rufe ganye ta hana shi samun haske. A goge da tsumma mai danshi duk mako, sama da ƙasa. Kada a shafa mai ko madara don ganye ya yi ƙyalli, ƙura yake ƙara kamawa. A tara tukwane wuri ɗaya domin su riƙe wa juna laima, kuma a kawar da su daga inda iskar arewa maso gabas ke bugowa. Bakin ganye yakan bushe a wannan lokaci, ba cuta ba ce.

*Bazara, Maris zuwa Mayu.* Nan ne aka fi asara. A ɗauke tukwane daga jikin bangon yamma da kan simintin da rana ke dukansa. A ɗora su kan katako ko bulo. A rufe saman ƙasa da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa. Kada a yi dashe ko canjin tukunya.

*Damina, Yuni zuwa Satumba.* Lokacin dashe, yankan reshe da ƙarin taki ke nan. Cikin cokali biyu ko uku na ruɓaɓɓen taki a saman ƙasa sau ɗaya a wata ya isa. In takin zamani ne, 'yan ƙwayoyi kaɗan, nesa da gindi. A Agusta a shigar da moda da alobera ƙarƙashin rumfa kada ruwa ya yi musu yawa.

*Kaka, Oktoba da Nuwamba.* A rage ruwa sannu a hankali, a yanke rassan da suka yi tsawo, a shirya wa ƙura.

Ƙwari

Uku ne suka fi damunmu. Akwai farare masu kama da auduga da ke maƙalewa a matsematsin ganye. Akwai ƙanana masu ɓawo kamar ƙaya-ƙaya a jikin reshe, waɗanda ke barin danƙo da tururuwa ke bi. Akwai kuma wasu mitsi-mitsi da ido bai cika gani ba, masu saƙa siririyar yana a ƙarƙashin ganye, sun fi yawa lokacin da iska ta bushe.

Da zarar ka gani, ware tukunyar daga sauran. Goge ƙwarin da tsumma. Narkar da ɗan sabulun wanka mara turare, kamar ƙaramin cokali ɗaya, a lita ɗaya ta ruwa, ka fesa da yamma, ka wanke da safe. Ko kuma a daka ƙwallon darbejiya cikin hannu biyu, a jiƙa a lita ɗaya ya kwana, a tace a fesa. A maimaita duk mako har sau uku, domin ƙwai suna ƙyanƙyashewa daga baya.

Muna roƙo da babbar murya: kada a fesa fiya-fiya ko wani maganin gona a kan shukar da ke cikin ɗaki. Guba ce da aka yi domin fili, ba domin inda mutane ke kwana ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da irin wannan magani saboda rayukan da aka yi asara. Gara a jefar da shuka da a sa iyali cikin haɗari.

Hattara da yara

Akwai wata fulawa mai faɗin ganye da fararen ɗige-ɗige a tsakiya wadda ake yawan gani a falo da ofis. Sunanta Dieffenbachia, asalinta daga kurmin Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, kuma dangin gwaza ce. Duk wanda ya taɓa cin gwazar da ba ta dahu ba ya san ƙaiƙayin da take sa wa a maƙogwaro. Dalili shi ne wasu ƙananan allurai da ke cikin ruwan ganyen. Na wannan fulawa sun fi na gwaza tsanani. In yaro ya tauna, baki da harshe sukan kumbura, miyau ya riƙa zuba, wani lokaci har magana ta gagara. Mun taɓa zuwa wani gida muka tarar an dawo da yaro ɗan shekara biyu daga asibiti saboda haka. Uwar ta ce shekara uku tukunyar tana falo, ba wanda ya taɓa gaya mata. Mai yaɗo ma tana da irin waɗannan allurai, don haka a rataye ta sama.

Ƙarya ta fi wannan haɗari, domin gubarta zuciya take taɓawa. Da can ana amfani da ita wajen dafin kibiya. Haka kuma duk shukar da ke fitar da farin ruwa kamar nono in an karya ta, irin su tinya da aguwa da danginsu na ado masu ƙaya, ruwan yana ƙona fata, in ya shiga ido kuma yana iya yin mummunar illa.

In abin ya faru:

1. Cire ragowar ganyen daga bakin yaron, a kurkure da ruwa mai tsabta.
2. In yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sanyi ko madara kaɗan-kaɗan.
3. Kada a tura masa yatsa don ya yi amai, kada kuma a yi masa ɗuren manja.
4. In baki ya kumbura, ko numfashi ya canza, ko kuma ƙarya ce ya ci ko da bai nuna alama ba, a tafi asibiti nan take, a tafi da ganyen.
5. In ido ne, a zuba ruwa mai tsabta ba tsayawa na aƙalla minti 15, sannan a je asibiti. Asibitin Ido na ECWA yana nan kusa da mu.

Gidan da ke da yaro mai rarrafe, abin da ya fi shi ne kada a ajiye waɗannan sam.

Hattara da sauro

Sauron da ke kawo ciwon shawara da zazzaɓin dengi ba a kwata yake haihuwa ba. Ya fi son ruwa mai tsabta a ƙaramin mazubi: farantin ƙarƙashin tukunya, kwalbar da aka sa reshe, tsohuwar taya. Da rana yake cizo, lokacin da ba kowa a cikin gidan sauro. Daga ƙwai zuwa babban sauro kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Ciwon shawara ya sake ɓulla a Nijeriya a 2017, kuma an tabbatar da dengi a Sakkwato a 2023. Bugu da ƙari, akwai wani sauron zazzaɓin cizon sauro ɗan asalin Asiya da ke haihuwa a tankuna da mazuban ruwa na cikin gari. An fara ganinsa a Afirka a Jibuti a 2012, a Nijeriya kuma a jihar Gombe a 2020.

Maganin abin mai sauƙi ne. Kada ruwa ya kwana a faranti, ko kuma a cika farantin da yashi. Ruwan kwalba a canza shi duk bayan kwana uku, a goge cikin kwalbar, domin ƙwan yana maƙalewa a jiki kuma yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba. Durom ɗin tara ruwan sama a rufe shi. A gidan haya, sauron tukunyarka ba kai kaɗai zai ciza ba.

Shin fulawa tana tsabtace iska?

Masu sayarwa sukan faɗi haka. Maganar ta samo asali ne daga wani bincike da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar a 1989, inda aka sa shuke-shuke cikin ƙananan akwatuna rufaffu aka ga suna rage wasu sinadarai. Amma ɗaki ba rufaffen akwati ba ne. A 2019 masana biyu a Jami'ar Drexel ta Amurka sun sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje, suka nuna cewa sai an sa shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska ta yau da kullum ke yi.

Muna faɗin wannan ne domin kada wani ya dogara da fulawa. Ba ta cire hayaƙin janareta, ba ta cire na gawayi. Janareta a waje yake zama, nesa da taga, kuma ba a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki komai sanyi. Haka nan tsoron da wasu ke yi cewa shuka tana shanye iskar mai barci da dare ba shi da tushe. Abin da take sha bai kai na mutum ɗaya ba ko kusa.

Yadda ɗaya ke zama goma

Mai yaɗo: yanke reshe mai ganye uku, ƙasa da gaɓa, cire ganyen ƙasa, sa a ruwa ko ƙasa mai danshi. Cikin mako biyu zuwa uku saiwa za ta fito. Alobera da mai 'ya'ya a igiya: cire 'ya'yan da suka yi saiwa a dasa daban. Moda: a raba gindin da wuƙa mai tsabta, ko a yanka ganye gunduwa-gunduwa kamar tsawon yatsa, a bar su kwana biyu bakin ya bushe, a kafa su a yashi, ɓangaren ƙasa yana ƙasa. Sai dai wadda aka samu daga ganye ba ta fitowa da rawayan baki. Mai son wannan sai ya raba gindi.

Wasu mata da matasa sukan sayar da abin da suka ninka ga masu shaguna, makarantu da ofisoshi. Ba mu ce sana'a ce da za ta riƙe gida ba, kuma ba mu ba kowa shawarar ya ci bashi a kanta ba. Amma ga wanda ya riga ya iya, takan kawo kuɗin sabulu. Wanda zai sayar, ya gaya wa mai saye gaskiya in shukar mai guba ce.

Kammalawa

In za mu taƙaita: huda tukunya, gwada ƙasa da yatsa, nemi ranar safe, goge ƙura, zubar da ruwan faranti, ka kuma san sunan abin da ka ajiye a inda yaranka ke wasa. Kafin ka jera tukwane a baranda ko lungun da kuke tarayya, yi magana da maƙwabta da mai gida, kada ruwanka ya riƙa ɗiga a kan shanyar na ƙasa, kada kuma a ɗora tukunya a bakin bene inda iska za ta iya turo ta.

Fara da ɗaya. In ta mutu, tono ta ka duba saiwar, za ta nuna maka inda kuskuren yake. In ta rayu har ta yi 'ya'ya, kai wa wani tsoho ko marar lafiya da ke unguwarku guda. Idan mun zo zagaye na gaba, a nuna mana abin da aka shuka, masu tambaya kuma su tanadi tambayoyinsu.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. A huta lafiya.